Mas'alar Aika Agogo Mai Tsada Zuwa Ƙasar Waje

Wannan bayani ne a kan wata mas'ala wadda a da ta attajiran birni ce kaɗai, amma yanzu ta iso har zaurukan Danja da Dabai da Kahutu, watau yadda mutum zai aika da agogon hannu mai tsada zuwa wata ƙasa, da kuma wanda biya zai hau kansa in agogon ya salwanta a hanya.

Abin da ya kawo mas'alar ba ɓoyayye ba ne. Tun zamanin da auduga ke da daraja a Funtuwa, manoman wannan yanki in Allah ya kira su Makka ba su kan dawo ba sai da agogo a hannu, wani Seiko, wani Rado, wanda ya fi ƙarfi kuwa Omega ko Rolex. Yau da yawa daga cikin alhazan nan sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuwa sun watsu cikin duniya, wani yana karatu a Madina ko Alƙahira, wani yana aikin asibiti a Ingila. Sai a zo rabon gado, agogo ya faɗo a rabon wanda ba ya nan. Ko kuwa agogon ya tsaya, masu gyara na Zariya da Kano su duba su ce sai dai a mai da shi gidan da aka ƙera shi a Suwizalan. Ga abu bai kai nauyin curin mazarƙwaila ba, amma wani a cikinsu kuɗinsa ya sayi shanun huɗa har da garmarsu.

Abin da mutanenmu suka saba shi ne su nemi matafiyi su danƙa masa. Al'ada ce tsohuwa, ba kuwa abin raini ba ce. Da ita fatake suka yi ta kai saƙo Gwanja su komo da goro, da ita kuma Larabawan Gadamus mazauna Kano suka riƙa aika haure da fatu da gashin jimina Tarabulus, tafiyar watanni cikin Sahara. Sai dai mutanen nan ba su aika kaya da ka. Su kan rubuta wasiƙa su faɗi yawan kayan da irin alamar da ke jikinsu da sunan wanda ya ɗauka, don wanda ke can ya gwada abin da ya iso da abin da aka rubuta. Ko yau a Danja kwandon tumatir ba ya hawa mota zuwa kudu sai da alamar mai shi. Abin mamaki, mutumin da ba zai saki kwandon tumatir ba alama ba, shi ne zai zaro agogon marayu daga aljihu ya miƙa wa mai tafiya Umra a bakin masallaci, ba shaida, ba takarda, sai "Allah ya kiyaye hanya."

To, ga abin da littattafanmu suka hukunta a kan wannan. Wanda aka ba ajiya ko saƙo don Allah amintacce ne, hannunsa hannun amana ne. Shehu Ibn Abi Zaidin na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya bayyana a cikin Risala cewa in mai ajiya ya ce abin ya ɓace, maganarsa a ke kamawa, ba ya biya, sai fa in ya ƙetare iyaka. Watau in alhaji ya sauka Jidda ya laluba jaka bai ga agogo ba, alhali ya adana shi yadda ya ke adana nasa, to magana ta ƙare, mai agogo ya yi haƙuri. Ba za a kai shi gaban alƙali a karɓi ko kwabo ba, kuma daidai ne, don in da a ce masu taimako za su riƙa biya, da ba wanda zai sake karɓar saƙon wani.

Amma akwai wata gaɓa a babin nan wadda ɗalibai su kan karanta su wuce, ita ce kuwa ta fi shafar mai aika agogo. Risala ta rarrabe tsakanin mai mayar da ajiya ga wanda ya ba shi, da wanda aka aika ya kai wa wani mutum dabam. Na farkon a kan gaskata shi in ba da shaidu ya karɓa ba. Na biyun kuwa, in ya ce ya kai, wanda aka aika wa ya ce bai gani ba, to sai ɗan aike ya kawo shaidu, in babu ya biya. Haka nan waliyyin marayu, shi ma sai ya kawo shaida cewa ya miƙa musu dukiyarsu, kuma asalin wannan yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 6, inda aka yi umurni da kafa shaidu ranar miƙawa. Shehu Halilu kuma a Muhtasar ya lissafta abubuwan da ke jawo wa mai ajiya biya, a cikinsu har da ya aika da ita ba da iznin mai ita ba, ko ya ba wani ya riƙe ba tare da larura ba. Saboda haka babban wa ko baffa wanda agogon magaji ke hannunsa, in ya ga dama kawai ya aika, ya salwanta, to wuyansa ne. Wajibinsa ya fara neman izni daga mai rabon, a rubuce, ko da saƙon murya ne a waya a sa mutum biyu adilai su ji, kuma iznin ya ambaci hanyar da za a bi. In magajin yaro ne bai balaga ba, ba a ma aika masa, ajiye masa a ke yi.

Wannan ke nan game da ɗan aike na amana. Saura masu ɗauka don lada, watau gidan waya da kamfanonin kai saƙo.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, tun daga nan buhun wasiƙu ya bar kan masu gudu ya hau tarago. Jiragen sama sun fara sauka Kano a 1925, a 1936 kuma aka fara ɗaukar wasiƙu a kai a kai tsakanin Kano da Hartum, daga can su wuce Ingila. Hukumar gidan waya ta yanzu, NIPOST, an kafa ta a 1985, sa'ad da aka raba aikin wasiƙu da na tarho. Abin da ya sa kuwa ƙunshin da aka karɓa a Funtuwa ma'aikacin Madina zai yarda ya kai shi ƙofar gida, wata ƙungiya ce ta gidajen wayar duniya da aka ƙulla a birnin Bern a 1874, Nijeriya ta shige ta bayan samun mulkin kai. Ita ce ta tsara lambar bin sawu da a ke mannawa a jikin ƙunshi. Lambar nan gurbi 13 gare ta: baƙaƙe biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, baƙaƙe biyu a ƙarshe. Na ƙarshen su ne sunan ƙasar da kaya ya fito, tamu NG. Baƙin farko kuwa shi ke faɗin irin aiken: R na mai rajista ne, E na gaggawa da a ke kira EMS, C na babban ƙunshi, V na wasiƙar da aka yi wa inshora. Alƙalami na tara ba na jeri ba ne, lissafi ne da a ke fitarwa daga takwas ɗin farko, don in mai rubutu ya kuskure guda na'ura ta ƙi karɓa. Kamfanoni irin su DHL da FedEx da UPS kowa da tsarin tasa lambar, amma aikin ɗaya ne. Duk zangon da kaya ya sauka a kan haska lambar da na'ura, sai ya fito a intanet cewa ya bar Kano, ya iso Legas, yana hannun kwastan na ƙasa kaza.

Hikima ce babba, wasiƙar Gadamus ce aka yi wa fiffike. Amma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su zaci wanda ya riƙe lamba ya riƙe lamuni. Lambar tana faɗin wurin da aka yi wa kwali ganin ƙarshe ne kurum. Ba ta san abin da ke cikinsa ba, kwalin da aka zare wa agogo aka liƙe shi ma haka zai yi ta wucewa zango zango har ya isa. In kuma kaya ya ɓace, lamba ba ta biya.

Abin da a ke biya in ba a yi wani shiri ba, da nauyi a ke auna shi ko da wani ƙayyadadden adadi, ba da darajar kaya ba. Kamfanonin da ke ɗauka ta jirgin sama suna tafiya ne a kan yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Nijeriya ke cikinta. Ana lissafin da wani kuɗin takarda na Asusun Ba da Lamuni na Duniya mai suna SDR, guda ɗaya ya ɗara dalar Amurka amma bai kai ɗaya da rabi ba. Da fari iyakar diyya SDR 17 ce a kan kowane kilo, aka ɗaga zuwa 19, sa'an nan 22 a 2019, sa'an nan 26 a ƙarshen 2024. To, sai mai karatu ya ɗauki allo. Agogo da kwalinsa da tsummansa a ce rabin kilo. Rabin 26 shi ne 13, watau abin da bai kai dala 20 ba. Wannan ne haƙƙin mai agogon da ya yi dala dubu biyar, daidai da na wanda ya aika rabin kilo na kuka ko daddawa. Gidan waya kuma nasa ƙa'idar dabam ce, wasiƙa mai rajista in ta ɓace tsakanin ƙasashe diyyarta SDR 30 ce da kuɗin aike. Har ma dokar ƙungiyar nan ta hana sa zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja da makamantansu cikin wasiƙar da ba ta da inshora. Wanda ya saɓa, ya ɓace, ba shi da bakin magana.

Mafita ɗaya ce, a faɗi darajar agogo tun a kan kanta, a rubuta ta a takardar aike, a biya ƙarin da a ke nema don mai ɗauka ko kamfanin inshora ya ɗauki nauyin wannan adadi. Ko a nan sai an buɗe ido, don kamfanoni da yawa sun ware agogo da kayan ado sun sa musu iyaka ta dabam, abin da ya haura iyakar ba sa lamuncewa ko da ma'aikaci ya karɓi kuɗin, kuma ba kowace ƙasa gidan waya ke kai aike mai inshora ba. Sharuɗɗan suna bayan takarda da ƙananan baƙaƙe na Turanci. Wanda ba ya jin Turanci ya tafi da mai ji, a karanta masa kafin ya sa hannu, kuma ya tambaya da baki: in wannan agogo ya ɓace, nawa za a ba ni, a ina aka rubuta?

Sai dai mai tsoron Allah zai tsaya ya ce, ita inshorar halal ce? Tambayar tana bisa hanya, malamai kuwa sun daɗe a kanta. Wanda aka sani ya fara tattauna ta cikin malaman fiƙihu shi ne Ibn Abidin na Dimashƙu, Bahanafe, wanda ya rasu a 1836. A zamaninsa 'yan kasuwa su kan ba wani Bature kuɗi a kan in jirgin ruwa ya nutse ko ya ƙone ya biya su, suna kiran abin saukara. Ya ga bai halatta a karɓi wannan biya ba, don an ɗora wa mutum abin da shari'a ba ta ɗora masa ba, kayan ma ba a hannunsa su ke ba. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci akwai garari mai yawa a cikinta, watau ciniki cikin duhu, mutum ya biya bai san ko zai karɓa ba ko nawa zai karɓa, don haka ta haramta. Amma majalisar ta halatta ta taimakon juna, wadda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar kyauta a asusu ɗaya, wanda asara ta faɗa wa a ɗebo a ba shi. Ita a ke kira takaful. Kamfaninta na farko a Sudan aka buɗe shi a 1979. A Nijeriya hukumar inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idodinta a 2013, a 2016 kuma ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful izni, kuma lamunin kaya a kan hanya yana cikin ayyukan irin waɗannan kamfanoni. Mai ƙunshi guda sai ya tuntuɓe su da wuri ya ji ko za su karɓa.

In ba a sami takaful ba fa? A nan ya kamata a rarrabe abu biyu. Akwai kuɗin da a ke ba wani kamfani na gefe wanda bai taɓa kayan ba, wannan shi ne ainihin abin da aka yi saɓani a kai, a mazhabarmu kuwa karɓar lada a kan lamuni tsurarsa ba ya halatta. Akwai kuma ƙarin da a ke ba mai ɗaukar kansa, wanda kaya ke hannunsa, ma'aikatansa ke juya shi a ɗakin da mai kaya ba ya gani. Wannan ya fi kusa da sauƙi. Malaman Malikiyya sun ɗora biya a kan masu sana'a, maɗinki da marini da maƙeri, a kan abin da suka shige da shi bayan idon mai shi, don gyaran jama'a. Mai ɗaukar kaya don lada asali ba ya biya, amma sun toge mai ɗaukar abinci, suka ce shi yana biya, saboda hannuwa suna saurin kai wa abinci. Wanda ya duba dalilin nan zai ga agogon zinariya ya fi buhun gero saurin jan hannu. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Duk da haka mas'ala ce ta ijtihadi, mai shakka ya kai ta gaban malaminsa da takardar sharuɗɗan a hannu.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne ƙarya a takardar kwastan. Kowane ƙunshi mai fita waje yana da takardar da a ke rubuta abin da ke ciki da kuɗinsa, a gidan waya ƙarama ita ce CN22, in darajar ta wuce SDR 300 sai babba, CN23. Ƙasar da za a kai ita ke karɓar haraji a kan adadin nan. Ingila tana karɓar 20 cikin ɗari na harajin saye, kyauta ma in ta wuce fam 39 ba ta tsira. Saudiyya nata 15 ne cikin ɗari tun 2020. Amurka a da tana yafe wa abin da bai kai dala 800 ba, ta soke wannan a watan Agusta na 2025. Ganin haka sai wani mai wayo ya ba da shawara a rubuta "tsohon agogo, dala 30." Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Da farko ƙarya ce. Na biyu, in kwastan suka buɗe suka gane, suna da ikon riƙewa da cin tara. Na uku, ran da ya ɓace, da hannunsa mutum ya rubuta shaidar da za a kayar da shi, don ba mai biyan dubu biyar a kan abin da mai shi ya ce talatin ne. In na gado ne, wanda ya rubuta ƙaryar shi zai cika wa magaji. Wanda kuma zai aika don gyara ya faɗi haka a takarda, ya nemi shaidar fita daga kwastan na nan, don kada ran dawowa a ɗauke shi sabon saye.

Game da ɗauri, akwai wata mas'ala a Muhtasar mai ban sha'awa. In mai ajiya aka ce masa kada ya sa wa akwati kwaɗo ya sa, ko aka ce ya ajiye a tukunyar ƙasa ya ajiye a ta tagulla, aka sace, to ya biya. Masu sharhi suka ce dalili shi ne kwaɗo da tagulla su ke kiran ɓarawo. Haka ya ke ga agogo. A naɗe shi da taushi yadda ba zai yi motsi ba, a sa a ƙaramin kwali, a sa ƙaramin a cikin babba wanda ba shi da ado ko sunan kamfanin agogo, a liƙe kowace kafa. Gaskiyar abin da ke ciki tana takardar kwastan inda doka ta ce, ba sai an yi shela da ita a tasha ba, balle a shekarun nan da hanyoyin kudancin Katsina ke son a yi tafiya da rana a kuma kama baki. Kafin a rufe, a ɗauki hoton agogon ciki da baya, a rubuta lambar da maƙera suka zana a jikinsa, don kowane agogon kirki da tasa, a ajiye rasit na saye in yana nan, in babu a sami takardar ƙima daga mai sana'ar. Ma'aikaci zai so ya ga abin da ke ciki, saboda haka a gabansa za a rufe, a gaban shaidu biyu, a auna, a rubuta nauyin a rasit. Nauyin nan shaida ne, in kwali ya tashi da giram 500 ya isa da 350 an san inda aka kwana.

Wasu abubuwa kuma su kan tsai da agogo a iyaka ba don sata ba. In maɗaurinsa na fatar kada ne ko ta maciji, yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kare namun daji, sai da takardar izni, abin da ya fi sauƙi a cire maɗaurin a bar shi gida. In na jabu ne, kwastan na Suwizalan da Faransa ƙwacewa su ke yi su lalata, ba kuwa kowane agogon da aka sayo a kasuwannin Makka ne na ainihi ba, don haka a nuna wa masani tukuna kafin a kashe kuɗin aike da ya fi kuɗin kayan. In kuma na zinariya ne zalla, a tuna wa magaji namiji cewa mallaka ta halatta gare shi, ɗaurawa ce ba ta halatta ba. Sau da yawa ma abin da ya fi shi ne a sayar a nan da yardarsa a aika masa kuɗin ta banki, sai dai in don tunawa da mahaifi ya ke so.

Ran da kaya ya isa, sa hannun mai karɓa shi ne shaidun nan da Risala ta nema, don haka a zaɓi aiken da ba a miƙawa sai ga mai sunan, a kuma gargaɗe shi kada ya sa hannu sai ya juya kwalin ya duba liƙinsa. In ya ga alamar taɓawa ya sa a rubuta a takardar kafin ɗan aike ya tafi, ya buɗe a gabansa. Ƙara tana da wa'adi. A yarjejeniyar Montiriyal kwana 14 ne daga ranar karɓa in kaya ya lalace, kwana 21 in jinkiri ne. Gidan waya yana sauraron bincike cikin wata shida daga ranar aikawa, kamfanoni kuwa nasu ya kan gaza haka ƙwarai, wasu wata guda. Kuma galibi wanda ya aika shi ke da haƙƙin nema, ba wanda aka aika wa ba, saboda haka rasit da hotuna da takardar izni su zauna a Danja cikin gafaka har sai an ji muryar mai agogo yana cewa ya karɓa, lambar jikinsa kuma ta yi daidai da wadda aka rubuta.